Tiwita na ƙonewa a wurin biki: laifin amfilifaya ne ko na hannun mai kiɗa?

Nasiru, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar manyanmu a wannan sana'a. Ina aiki da sifika biyu masu inci 15, kowace an rubuta mata om 8 (ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shiga ta), da amfilifaya ɗaya, da ƙaramar miksa, da laftof mai manhajar haɗa waƙoƙi ta VirtualDJ. Tun shigowar bazara tiwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, take mutu mini, a gyara ta yau, biki na gaba ta sake yin shiru, sauti ya dushe, murya ta daina fita. Wani abokin aiki ya ce amfilifayar ce ta fi ƙarfin sifikun, in nemi ƙarama, wani kuma ya ce akasin haka, in nemi babba. Ni kuwa kuɗin da na tara da niyyar sayen kontirola, na'urar da ake jona wa laftof don haɗa waƙoƙi da hannu, na tara su, irin DDJ-FLX4 ta Pioneer. Don Allah wanne ya kamata in fara da shi?

Malam Bello Mai Gyara:
Wa alaikumus salam Nasiru. Kafin ka fitar da ko naira ɗaya, ka amsa mini tambayoyi uku. Idan biki ya yi nisa, wane launi fitilun miksarka suke nunawa? Janaretan da kake jonawa, me da me yake ɗauke da shi ban da kayanka? Kuma a ina kake ajiye sifikun, a ƙasa ko a bisa ƙafa?

Nasiru, Mabera:
Malam, da farko kore suke nunawa, amma bayan La'asar idan fili ya cika ana ta cewa in ƙara, to daga nan ja ne har a tashi. Janareta yawanci na gidan biki ne, akwai fankoki da fitilu a kansa, wani lokaci har da firiza ta ruwan sanyi. Sifikun a ƙasa nake ajiye su gefen kanofi.

Malam Bello Mai Gyara:
To ƙanena, ka riga ka faɗi abin da ke kashe maka tiwita, kuma ba sai ka sayi komai ba kafin ka fara maganinsa. Jar fitila tana gaya maka ne cewa na'urar ta kai iyakar abin da za ta iya fitarwa. Duk abin da ka ƙara bayan nan ba ƙarfi yake ƙarawa ba, yanke kan sautin yake yi, ya zama mai kaushi da tsatsa. Sautin da aka yanke wa kai yana ɗauke da siraran muryoyi da yawa waɗanda babu su a cikin waƙar ta asali, kuma duk tiwita ake tura wa su, alhali wayar da aka naɗe a cikinta siririya ce ƙwarai, ba ta jure zafin da ta babbar sifika take jurewa. Ta yi ta ɗumama har ta tsinke. Idan na buɗe tiwitar da aka kawo mini shago, daga launin wayar nake gane yadda ta mutu: wadda ta yi baƙi ƙirin tana warin ƙuna, zafi ne na tsawon lokaci ya cinye ta, ba tsautsayin minti ɗaya ba.

Saboda haka wanda ya ce ka sayi ƙaramar amfilifaya bai ba ka shawara mai kyau ba, domin ƙarama ta fi saurin kaiwa iyakarta, kai kuma za ka fi matsa mata. Abin da masu aikin sauti suka saba bi shi ne amfilifaya ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na ƙarfin da sifika ke ɗauka a kai a kai, wanda ake rubutawa RMS, sannan a bar mata sarari, kada a kai ta ƙarshe.

Ga yadda nake so ka saita kayanka a biki na gaba. Ka fara daga laftof, ka tabbata mitar VirtualDJ ba ta taɓa ja. Ka zo miksa, ka murɗa maɓallin gain na layin, mai daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa, har waƙa mafi ƙarfi ta tsaya a kore tana leƙa rawaya lokaci-lokaci. Ka ajiye babban maɓallin fita a kan sifili na mita. Sai a ƙarshe ka ɗaga amfilifaya har fitilarta ta gargaɗi ta fara ƙyaftawa, ka ɗan mayar baya, ka manna ɗan tef a wurin don kada ka wuce. Iyakar kayanka ke nan, kuma duk wanda ya ce ka ƙara bayan wannan, tiwitarka yake nema ka sadaukar.

DJ Usman, Arkilla:
Malam Bello, bayaninka daidai ne a shago, amma a filin biki akwai abin da ya fi mita ƙarfi, shi ne mai biki. Idan abokan ango suka taru suka ce ba sa jin kiɗa a ƙirjinsu, ba za ka tsaya kana yi musu bayanin kore da rawaya ba, kuma idan ka ƙi ƙarawa, biki na gaba wani za su kira. Mu da muke cin abinci da wannan aiki mun san cewa a garin nan ana auna DJ da nisan da sautinsa ya kai. Ni shawarata ga Nasiru ita ce ya manta da kontirola yanzu, ya sayi ƙarin sifika biyu ya haɗa su a kan amfilifayar, sauti ya cika fili ba tare da ya matsa ba.

Alhaji Garba Mai Hayar Kayan Sauti:
Usman ɗana, rabin maganarka na yarda da ita, amma rabin na biyu zai jawo wa yaron nan asara idan bai yi lissafi ba. Sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su a layi ɗaya sun koma om 4, wanda yawancin amfilifaya suna ɗauka. Idan aka yi uku sun koma ƙasa da om 3, huɗu kuma om 2, kuma da yawa daga cikin amfilifayar da ake sayarwa a kasuwanninmu ba a yi su don om 2 ba, ga shi muna garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Sai ya duba bayan na'urarsa ya ga mafi ƙarancin om da aka rubuta kafin ya jona komai.

Sannan akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai kiɗa ya riƙe. Idan ka ninka ƙarfin wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne zai ji ɗan bambanci ne. Kafin mutum ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Wannan shi ya sa nake jin takaicin ganin matasa suna zuba kuɗi a kan lambobin da aka buga a jikin kwali, musamman waɗanda aka rubuta PMPO, dubu biyar ko dubu goma, lambobin da ba su da alaƙa da abin da na'urar ke iya yi na tsawon awa.

Abin da zai ba Nasiru riba nan take shi ne ƙafafun sifika. Ya ce a ƙasa yake ajiye su. Jikin mutane yana shanye siririn sauti, saboda haka da zarar fili ya cika, layin gaba ne kawai ke jin murya, na baya sai dum-dum ɗin bes suke ji, su ne kuma masu ihun a ƙara. Ya ɗaga su har tiwita ta wuce kan mutumin da ke tsaye, ya ɗan karkata su zuwa tsakiyar taro. Idan filin dogo ne, irin layin unguwa da aka toshe da kanofi, ya tuna cewa a waje duk ninka nisa sau biyu sauti na raguwa da kusan desibel 6, don haka sifika ɗaya a tsakiyar layin ta fi amfani a kan a tara huɗu a gaba ana kurmantar da na kusa. Kuɗin ƙafa biyu bai wuce kashi kaɗan na kuɗin kontirola ba.

Anti Hadiza, Gawon Nama:
Assalamu alaikum. Ni ba na taɓa miksa, amma ina riƙe makirufo a wurin kamu da wuni da sa lalle, kuma ina so in gyara wa ƙanena Usman wani abu. Abokan ango ba su kaɗai ba ne masu biki. A taron mata, abin da uwar amarya take so shi ne idan an kira sunan ƙawarta ko ƙungiyarsu, a ji shi sarai har bayan fili, kuma idan waƙar da aka yi wa 'yarta ta zo kan sunan kakanni, kowa ya ji. Na sha ganin dattijai mata sun tashi daga kujerun gaba sun koma can nesa saboda ƙara, wasu kuma su tafi gida tun kafin a kawo abinci. DJ ɗin da ya kori gwaggon amarya daga wurin zamanta, shi ma ba za a sake kiransa ba, sai dai ba za a faɗa masa dalili ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Su ne ke zuwa su tsaya dab da sifika, wasu goye a bayan iyayensu. Masana lafiyar kunne sun ce desibel 85 na tsawon awa takwas shi ne iyaka ga ma'aikaci, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin yana raguwa da rabi, wanda ke nufin a desibel 100 minti goma sha biyar ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa cewa kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100. Ku kanku masu kiɗa da kuke komawa gida kunne na yi muku ƙara har gari ya waye, wannan alama ce ta lahani, kuma ji idan ya tafi ba ya dawowa.

Kabiru, Runjin Sambo:
Ina so in koma kan janareta, domin na ga an wuce shi da sauri alhali shi ne rabin matsalar. Kayanmu an yi su ne don wuta mai bolt 230. Duk lokacin da firiza ta tashi, tana fizgar wuta mai yawa na ɗan lokaci, wutar ta faɗi, kuma amfilifayar da wutarta ta faɗi tana kaiwa iyakarta da wuri fiye da yadda ta saba. Ke nan ko Nasiru ya saita komai daidai da rana, da yamma idan aka kunna fitilu aka ƙara fankoki, alamar tef ɗin da Malam Bello ya ce ya manna ba za ta cece shi ba. Ya kamata ya riƙa sharɗanta wa mai biki tun wurin ciniki cewa kayan sauti janaretansu daban, ko da kuwa za a ƙara kuɗin mai, wanda na san tun cire tallafi a 2023 ya zama abin da ake ja-in-ja a kai. Idan an rubuta ƙarfin inji da ma'aunin kVA a jikinsa, ya ninka lambar da 0.8 ya sami kilowat ɗin da zai iya ɗauka na gaskiya, kuma kada ya cika shi.

Wayar wuta ma a lura da ita. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta kafin ta iso, don haka a nemi mai kauri milimita 2.5, kuma idan a naɗe take a kan gargare a warware ta gaba ɗaya, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi. Janareta ya kasance a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da kanofi da tagogi, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Wajen kunnawa, a bar inji ya daidaita, a kunna laftof da miksa, amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko.

Batun zafi kuma, kada a lulluɓe amfilifaya da zane don gudun ƙura kamar yadda wasu ke yi. A ba ta inuwa da sarari a gaba da baya, bayan hunturu kuma a buɗe a hure ƙurar da ta toshe fankarta.

DJ Usman, Arkilla:
Alhaji da Anti, na karɓi maganar ƙafa da ta yara, ba ni da ja a kai. Amma kada mu sa Nasiru ya ɗauka cewa kontirola ado ce. Wanda ke haɗa waƙa da linzamin laftof ba ya iya sauraron waƙa ta gaba a hedifon yadda ya kamata, ba ya iya rage bes ɗin wannan yana ɗaga na waccan a lokaci guda, don haka kullum sai dai ya yanke ya dasa. DDJ-FLX4 tana aiki da manhajojin rekordbox da Serato, kuma ga maɓallin sink da zai daidaita masa gudun waƙoƙi biyu nan take. Idan ya gama gyara sauti, ita ce ta gaba.

Sadiq, Tudun Wada:
Yaya Usman, kontirola tana da amfani, amma maɓallin sink shi ne abin da zan ja kunnen Nasiru a kai, musamman ga irin waƙoƙin da muke sawa a nan. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan kiɗan da ke tafiya huɗu-huɗu da injin ya buga, wanda gudunsa ba ya motsi daga farko har ƙarshe. Yawancin kiɗanmu mai tushen kalangu kuwa a kan uku-uku yake rausaya, shi ya sa za ka ga manhaja ta rubuta gudun da ba shi ba ne, wani lokaci rabi, wani lokaci ninki biyu, wani lokaci ta ɗauki bugu uku a matsayin biyu. Idan ka danna sink a kan lambar da ba daidai ba, gangunan biyu za su riƙa tuntuɓe da juna, kuma masu rawa su ne farkon waɗanda za su ji a ƙafarsu. Tsofaffin waƙoƙin fada na kotso da taushi, waɗanda dattawa ke nema idan an zo ɗaurin aure ko naɗin sarauta, su kam hannun mutum ne ya kaɗa su, gudunsu yana hawa yana sauka, babu layin manhajar da zai zauna a kansu.

Abin da nake yi shi ne in zauna a gida in bi waƙoƙina ɗaya bayan ɗaya, in buga gudun da yatsa in gyara lambar, in sa alama a bugun farko, da inda murya ta shiga, da inda amshi ya ƙare. A waƙar Hausa magana ce gaba, saboda haka abu biyu ne ba na yi: ba na ɗora murya a kan murya, kuma ba na yanke mawaƙi a tsakiyar baiti. Ina jira amshi ya sauka, in shigo da kiɗan sabuwar waƙa bes ɗinta a rage, in ƙirga zagaye takwas, sannan in musanya bes ɗin a bugu ɗaya. Idan gudun waƙoƙin ya yi nisa da juna, ba na tilasta musu. Sauya gudu da kashi 6 cikin ɗari ya isa ya ɗaga murya da rabin mataki idan ba a kulle ta a manhaja ba, mata kuwa sun san muryar mawaƙinsu. A irin wannan hali na fi son in bar waƙa ta kai gaɓa, mai makirufo ya yi magana, in fara ta gaba daga kanta.

DJ Usman, Arkilla:
Sadiq, a kan waƙoƙin gargajiya ba ni da abin cewa. Amma a dina da taron 'yan makaranta inda ake son Afrobeats da amapiano, sink yana aiki lafiya lau, kuma yana ba ka damar ɗaga kai ka kalli fili maimakon ka duƙufa a kan allo. Ban ga laifin kayan aiki ba idan mutum ya san inda suke aiki da inda ba sa yi. Abin da zan yarda da kai shi ne ya fara koyon daidaitawa da kunne, ya rufe lambobin allo da takarda idan yana gwaji a gida, don ranar da manhaja ta yi kuskure hannunsa ya san abin yi.

Anti Hadiza, Gawon Nama:
Tun da an zo kan ɗabi'un aiki, ga abin da nake roƙon kowane DJ da muke aiki tare. Waƙar da aka yi wa amarya a situdiyo a karɓe ta tun kwana ɗaya kafin biki, a saurare ta daga farko har ƙarshe, a tabbatar da sunayen da ke ciki, a kuma ajiye kwafi a filashi da waya. A nemi fayil ɗin asali daga situdiyo, ba wanda aka ciro daga bidiyon da ya zaga WhatsApp ba, domin irin wannan a waya yana da daɗi, a babbar sifika kuwa shi ne ke fita da tsatsa har a zargi kayanka. Idan ana liƙi kuma dangi ba su gama fitowa ba, kada waƙa ta ƙare a bar uwar amarya tsaye a fili cikin shiru. A maimaita gaɓar kiɗa har in ba da alama. Makirufo kuma a ba ni shi ina bayan layin sifika, kuma a daina barin masu sanarwa suna dunƙule kansa da tafin hannu, wannan shi ke jawo kukan da ke sa kowa toshe kunne, Malam Bello zai tabbatar cewa kukan ma yana kashe tiwita.

Na ƙarshe, a san lokacin salla kafin a fara. Kada a jira sai ladan ya ɗaga murya sannan a yi ta lalube; minti biyu kafin lokaci a sauke kiɗa a hankali, a sanar cewa za a dawo bayan an idar. A unguwannin cikin gari inda masallaci ke kusa da kowane layi, wannan ne ke sa mai unguwa da maƙwabta su bar ka ka gama aikinka lafiya.

Nasiru, Mabera:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da ƙafafun sifika da wayar wuta mai kauri, in kuma riƙa maganar janareta tun wurin ciniki, kontirola ta jira bayan Babbar Salla. Saura tambaya ɗaya, Malam Bello: idan na jona cajar laftof sai in ji wani gurnani a sifika, idan na cire ya ɗauke. Wani ya ce in karya ƙafar ƙasa ta fulogin cajar.

Malam Bello Mai Gyara:
Kada ka karya ta, Nasiru. Wannan ƙafar ita ce ke kare ka da mai riƙe makirufo idan wuta ta zubo a jikin na'ura, kuma a filin da aka yayyafa wa ruwa don kwantar da ƙura haɗarin ya fi yawa. Gurnanin yana zuwa ne saboda laftof da miksa suna samun ƙasa ta hanyoyi biyu daban. Ka fara da jona su duka a soket ɗaya. Idan bai ɗauke ba, ka nemi ƙaramin akwatin da ke yanke irin wannan gurnani, wanda ake kira DI, ko mai raba ƙasa, ka sa tsakanin laftof da miksa, daga miksa zuwa amfilifaya kuma ka yi amfani da wayar XLR mai ƙafa uku, kada ta kwanta a jere da wayar wuta.

Anti Hadiza ta yi gaskiya a kan kukan makirufo, yana iya tsinka tiwita cikin daƙiƙoƙi. Kuma kafin ka sa sabuwar tiwita, ka kawo sifikar gaba ɗaya ranar Asabar da safe in duba allon da ke raba sauti a cikinta, domin idan kafasitar da ke hana bes isa ga tiwita ta lalace, ko wani mai gyara ya tsallake ta ya jona kai tsaye, duk wadda ka sa za ta bi sahun 'yan'uwanta. Ka taho da amfilifayar ma in karanta abin da aka rubuta a bayanta.